Jaridar Ɗalibai a Legas: Ta Aji da Ta Jikin Allo

An rubuto wannan daga rikodin laccar da aka yi wa ɗalibai 'yan Arewa a Agege.

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke sahun gaba, malamai, ƙannena ɗalibai, sannunku da fama da cunkoson hanya.

Garin nan na 'yan jarida ne tun fil azal. A nan aka fara Daily Times a 1926, a nan Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, shekara biyu kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya. To da aka buɗe Jami'ar Legas a 1962, ɗalibanta sun tarar da hanya a share.

Jaridar ɗalibai iri biyu ce. Akwai ta koyon aiki, kamar Unilag Sun ta sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Legas, wadda malami ke dubawa ya ba da maki. Tana da amfani, ba na raina ta. Amma ni ɗayar ta fi damuna, wadda ɗalibai ke haɗa kuɗinta da kansu.

Ku 'yan zamanin waya ba ku san sitensil ba. Sai a cire ribon tafireta, a buga haruffa da ƙarfi har su huda takardar kakin. In ka yi kuskure ka shafa wani jan ruwa mai warin jan farce, ka jira ya bushe. Daga nan a ɗaura a injin Gestetner a yi ta juya hannu, tawada har gwiwar hannu. Kafin asuba an manna a allon sanarwa da ƙofar ɗakin cin abinci.

Irin waɗannan takardu ne ke yawo lokacin zanga-zangar ɗalibai ta "Ali Must Go" (wato a sauke Ahmadu Ali, mai kula da ilimi a gwamnatin tarayya) a Afrilun 1978, da aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin yini. Segun Okeowo na Jami'ar Legas ne ya jagoranci ɗaliban ƙasar. An kashe wani ɗalibi, Akintunde Ojo, a Akoka inda jami'ar take, wutar ta kai Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, can ma aka rasa rayuka.

Yau ina takardun? Gara ta cinye wasu, wasu an ƙunshe ƙosai da su. Mai bincike sai ya koma ga manyan jaridu, alhali su daga bakin ƙofa suka hango abin.

Saboda haka duk wanda babansa ko kawunsa ya yi karatu a Akoka ko kwalejin Yaba, ya taimaka ya duba tsohuwar adaka. Ko shafi ɗaya ne, a ɗauke shi hoto a miƙa wa sakatare. Malam, a buɗe fagen tambayoyi.