Agbani Darego: Kambin da Ya Zo da Murna, Ya Koma da Jini

Assalamu alaikum. Malamai, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, da ku ɗalibai, sannunku da haƙurin zama. Na san da aka ce yau a kan sarauniyar kyau zan yi magana, wasunku sun ce malam ya rasa abin faɗa. Ku ba ni aron kunnuwanku tukuna.

Idan ka ambaci gasar sarauniyar kyau ta duniya a gaban mutumin Kaduna da ya haura arba'in, ba kambi zai tuna ba, hayaƙi zai tuna da dokar hana fita. Ka tambaye shi sunan yarinyar da ta sa aka kawo gasar Najeriya, da wuya ya faɗa maka. To ita nake so mu duba yau, don labarinta ya ɓace a cikin labarin abin da ya biyo bayanta.

Sunanta Agbani Darego. An haife ta a watan Disamba na 1982, 'yar ƙabilar Kalabari ce, asalinsu garin Abonnema a jihar Ribas, ta kuma tashi a Fatakwal. Tana da shekara 12 sankarar mama ta ɗauke mahaifiyarta. Ta yi makarantar kwana ta 'yan mata ta gwamnatin tarayya da ke Abuloma, daga nan ta shiga Jami'ar Fatakwal tana karatun kwamfuta da lissafi. Wato dai ɗaliba ce kamar yawancinku, mai neman kujera a aji da fargabar jarrabawa.

A 2001 ta shiga gasar da kamfanin Silverbird na su Ben Murray-Bruce ke shiryawa, wadda ake zaɓen budurwar da ta fi kyau a Najeriya, ta yi nasara. Aka tura ta Miss Universe, wata gasar kyau ta duniya daban, a Puerto Rico, ta shiga cikin goman farko. Sai ranar 16 ga Nuwamba 2001, a Sun City ta Afirka ta Kudu, aka ɗora mata kambin Miss World, wato sarauniyar kyau ta duniya. Shekarunta 18. Ku riƙe ranar nan, za mu dawo kanta.

Me ya sa duniya ta ɗauka? A 1951 aka fara gasar nan a Ingila. Afirka ta taɓa ci, amma su wa? Wata 'yar Masar a 1954, sai fararen fata biyu na Afirka ta Kudu, a 1958 da 1974, lokacin mulkin wariyar launin fata. Baƙar fata haifaffiyar nahiyar nan ba ta taɓa ɗauka ba sai Agbani. Shekara hamsin cur! Shi ya sa Legas da Fatakwal suka ruɗe, shugaba Obasanjo ya karɓe ta, aka ba ta lambar girma ta MFR. Ku tuna kuma lokacin shekara biyu kacal da fitar ƙasar daga hannun soja, sunan Najeriya a waje duk damfara ce da juyin mulki. Gwamnati na neman abin da za ta wanke fuska da shi, sai ga shi ya faɗo.

Akwai wani abu da ke ba ni dariya a nan. Agbani doguwa ce siririya. A yankinsu na bakin ruwa kuwa, al'adar gargajiya ita ce a killace budurwa a yi ta ɗura mata abinci har ta yi ɓul-ɓul kafin a fito da ita. Da a ce kakanninta ne alƙalan gasar, cewa za su yi a mayar da yarinyar nan ɗaki ba ta ƙoshi ba. Mu ma nan ai mun san yadda ake gyaran amarya. Ma'aunin da aka auna ta da shi na Landan ne da Faris. Don haka murnar da aka yi cewa kyan Afirka ya yi nasara, ni ina ganin rabin gaskiya ce. Abin da ya ci shi ne 'yar Afirkar da ta dace da ma'aunin wasu. Ba laifinta ba ne, haka Allah ya halicce ta, amma bayan nasarar 'yan matan birane da yawa a Kudu sun shiga gaba da tuwo.

To, sai aka ce tunda 'yarmu ce ke riƙe da kambi, bari a kawo gasar 2002 Abuja. A nan lissafi ya kwance. Ko dai masu shiryawar ba su karanta ƙasar ba, ko sun karanta sun yi kunnen uwar shegu. Jihohin Arewa sun fara aiki da shari'a tun daga Zamfara. Kaduna ba ta gama warkewa daga rikicin 2000 ba. A Katsina kotun shari'a ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa, har wasu 'yan takara na ƙasashen waje suka ce ba za su zo ba saboda haka. Malamai a nan suna ta wa'azi cewa baje kolin tsiraici ne. Sannan 'yan matan suka iso ƙasar cikin watan azumi. Busasshiyar ciyawa ce aka tara, ashana kawai ake jira.

Ashanar ta zo ranar 16 ga Nuwamba 2002, shekara ɗaya daidai da ranar da aka naɗa Agbani. Wata matashiyar 'yar jarida, Isioma Daniel, ta yi rubutu a jaridar ThisDay ta sako sunan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cikin maganar gasar. Ba zan maimaita abin da ta rubuta ba. Jaridar ta yi ta ba da haƙuri, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ranar 20 ga wata aka ƙone ofishinta na Kaduna, daga nan abu ya rikiɗe ya koma Musulmi da Kirista, unguwa da unguwa. Cikin 'yan kwanaki an kashe mutum sama da 200, an ƙone masallatai da coci-coci, dubbai sun bar gidajensu. Yawancin waɗanda suka mutu ba su taɓa ganin jaridar ba, balle 'yan takarar. Mataimakin gwamnan Zamfara na lokacin, Mamuda Aliyu Shinkafi, ya ce jinin marubuciyar ya halatta, ita kuma ta tsere daga ƙasar.

Aka kwashe 'yan matan a jirgi zuwa Landan. Ranar 7 ga Disamba aka yi gasar a can, Agbani ta cire kambi ta ɗora wa Azra Akin. 'Yar wace ƙasa? Turkiyya. Na ga wasu sun yi murmushi, ku dai ku yi tunani a kai.

Yanzu ku sa kanku a matsayinta. Yarinya 'yar shekara 19, ba ita ta zaɓi Abuja ba, ba ita ta zaɓi watan ba, ba ita ta riƙe alƙalami ba. An shirya za ta miƙa kambi a gida a gaban danginta, sai ga shi ta miƙa shi a ƙasar wasu, ana binne mutane a gida. Ina da ra'ayina a kan gasar kanta, kuma ba na ɓoyewa: ba zan kai 'yata ba. Amma rashin son gasa daban, ɗora wa yarinya alhakin abin da manya suka ƙulla daban.

Abin da ta yi bayan nan a taƙaice ne. Ta koma Amurka tallar tufafi, ta yi kwantiragi da kamfanin kayan kwalliya na L'Oréal. Karatun da kambi ya katse mata ta koma ta yi, ta gama digiri a ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar New York a 2012. Ta dawo ta kafa kamfanin tufafinta mai suna AD. A 2017 aka ɗaura aurenta a Marrakesh ta Maroko da ɗan Janar T.Y. Danjuma, kun ga ta zama surukar Taraba kenan. Ba ta cika surutu a jarida ba, abin da ba kasafai ake samu ba a wannan sana'a.

Wani ɗalibi ya miƙo takarda yana tambaya ko Arewa ta taɓa shiga harkar nan. Ai tun farko da ita aka fara. Wadda ta fara cin gasar Miss Nigeria a 1957, wadda jaridar Daily Times ta shirya, Grace Oyelude ce, haifaffiyar Sabon Garin Kano, daga baya ta zama ma'aikaciyar jinya. A Disamban 2021 kuma Shatu Garko, 'yar Kano mai shekara 18, ta ci gasar da kanta a rufe, har hukumar Hisbah ta ce za ta gayyaci iyayenta. An yi ta cacar baki a Facebook da gidajen rediyo, amma ba a ƙone ko rumfa ɗaya ba.

Na ga ladan ya miƙe. Sauran takardun tambaya a ajiye mini su, bayan la'asar sai mu ɗora.