Ina Ya Kamata Motar Sintiri Ta Tsaya a Legas?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma daga Agege. Ga gadar Pen Cinema a bayana, danfo da keke sun cushe hanya kamar kullum. Ku dubi motar 'yan sandan can da ke tsaye a kwana. Wa ya ce ta tsaya nan ba can gaba ba? Minti nawa ya kamata ta yi? Waɗannan tambayoyi an gwada su an auna, kuma sun shafe mu da muke neman abinci a garin nan.

Daga 1972 zuwa 1973, a birnin Kansas na Amurka, an raba shiyyoyin sintiri 15 gida uku. Wasu aka janye musu mota sai an kira, wasu aka bar su yadda suke, wasu aka ninka musu motoci. Da shekara ta zagayo, yawan laifi bai bambanta ba. Ashe zagaya gari ba manufa ƙona mai ne kawai. Daga baya a birnin Miniyafolis na Amurka, masanin binciken laifuka Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka bi kiraye-kirayen shekara guda, suka ga wajen kashi 3 cikin 100 na adireshin garin ne ke jawo rabin kiran da ake tura mota. Ɓarawo ma yana da matattara.

To ga yadda DPO zai yi aiki da wannan, ko da babu kwamfuta a caji ofis. Ya ɗauko littafin da ake rubuta ƙara na wata 12. Kowace ƙara a fitar da abu huɗu: wuri, rana, lokaci, da irin laifin. Wurin nan shi ne inda ake yawan kuskure. In aka rubuta "Oshodi" ko "Agege" ba a faɗi komai ba. Sai an ce ƙarƙashin gada, gefen da ake lodi, ko daga wannan mahaɗa zuwa waccan, tsawon da ɗan sanda zai tsaya ya hango ƙarshensa. A kafa taswira a bango, a soka fil a kan kowace ƙara. Inda fil ya taru, nan ne wurin.

A fitar da wurare 20 mafi zafi, a rubuta sunayensu a takarda, a nannaɗe, a yi ƙuri'a. Goma su samu ƙarin sintiri, goma a ci gaba da yi musu yadda aka saba. Na san wani zai ce, me ya sa ba za a zaɓi mafi muni ba? Saboda wurin da ya yi tsanani a wannan wata sau da yawa yakan lafa da kansa wata mai zuwa, sai a ɗauka sintiri ne ya yi aiki. Goman da ba a taɓa ba su ne ma'auni. Haka aka yi a Miniyafolis daga 1988 zuwa 1989 da wurare 110, kuma inda aka ƙara sintirin ne kiran laifi ya ragu.

Sai batun lokaci. Wani masanin binciken laifuka, Christopher Koper, ya nuna a 1995 cewa tsayuwar minti 10 zuwa 15 ta fi barin tasiri bayan an tafi. In aka zarce haka, ribar raguwa take yi. Don haka a zo, a sauko daga mota, a taka da ƙafa, a gaisa da mai shayi da mai gadi, a wuce, a dawo a lokacin da ba wanda zai iya cewa ga shi. In kullum ƙarfe bakwai ake zuwa, mai ƙwacen waya zai koma bakwai da rabi. A kuma rubuta lokacin isowa da na tashi, don gwaji da yawa a nan yake mutuwa: a takarda an je, a ƙasa ba a je ba. In kuwa tsayuwar ta koma shingen karɓar na goro, an kori mutanen da ake buƙatar bakinsu.

Akwai wata damuwa ta gaske, kada ɓarayi su koma layin baya kawai. A birnin Jersey na Amurka an ga maƙwabtan layuka ma sun samu sauƙi. A Bogota ta Kolombiya kuwa, gwajin 2016 ya nuna satar dukiya ta matsa zuwa titunan kusa. Legas gari ne mai cunkoso, don haka dole a ƙirga ƙarar layi biyu na kowane gefe, kafin a fara da bayan wata shida. Kuma kada a auna nasara da yawan kame. A auna ta da raguwar waɗanda aka cuta.

Yanzu ga inda abin ya fi ci mini rai. Duk wannan lissafi daga ƙara yake farawa, mu kuwa da yawanmu ba ma kaiwa. Ɗan dako a Mile 12, mai rago, mai faci a Idi-Araba, a ƙwace masa waya ya ce ya bar wa Allah, don tsoron a nemi kuɗi ko a ƙi sauraronsa saboda harshe. Abin da ba a rubuta ba, ba zai samu fil a taswira ba, motar kuma wani wuri za ta je.

Shugabannin kasuwa da fadar Sarkin Hausawa za su iya toshe wannan giɓi. A ajiye littafi guda a hannun sakatare, a ja layi huɗu irin na caji ofis, ba sai an sa sunan mai ƙara ba. Duk wata a kai kwafinsa zaman kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, tare da mai jin Yarbanci ko Turanci. A kuma tambayi 'yan kasuwa 100 tambaya ɗaya kafin gwaji da bayansa: a wata uku da suka wuce an sace maka wani abu, kuma ka kai ƙara? In abu na faruwa a gabanku, ku kira 112 ko 767, ku faɗi sunan tasha mafi kusa da gefen titin da kuke.