Kan Jirgi Mai Cin Kwal: Lacca kan Jiragen Kaya na Zamanin Tururi

(An rubuto wannan lacca ne daga muryar da aka naɗa a wani zama a Zariya. Mai laccar dattijo ne da ya tashi a kwatas ɗin reluwe. An rage gaishe-gaishen farko.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaban zama, iyayenmu da ke gaba, da ku 'ya'yanmu da ke baya, Allah ya saka da alheri.

An ce in yi magana kan jirgin ƙasa na da. To, ba jirgin fasinja zan ɗauka ba, wannan kowa yana da labarinsa. Jirgin kaya zan ɗauka, wanda ba a yi masa rakiya, ba a yi masa tarba, amma shi ne ya ci da gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fayaman ne, wato mai zuba wa kan jirgi kwal. A kwatas ɗin loko, wato wurin da ake ajiye kawunan jirgi ana gyara su, aka haife ni, kuma tun kafin in san karatun agogo na san lokaci da kukan jirgi.

Bari in fara da abin da ido ya gani. Ranar da Baba zai fita, da tsakar dare wani ma'aikaci zai zo da fitila da littafi, ya ƙwanƙwasa ƙofa har sai an amsa, Baba ya sa hannu. Inna ta riga ta ɗaure masa tuwo a kwano. Wata rana ya bar kwanon, aka aike ni da shi bayan sallar asuba, ina ɗan shekara tara. Sanyin hunturu ne. Na tarar da kan jirgin tsaye a bakin loko, baƙi wuluk, tururi na fita ta ƙarƙashinsa, yana numfashi a hankali kamar bajimin da ya ƙoshi. Baba ya miƙo hannu ya ɗaga ni sama. Da ya buɗe ƙofar murhu, wallahi sai da na ja da baya. Wutar ba ja ba ce irin ta girki, fara ce fat, tana ruri. Ya ce da ni, "Kada ka kalli cikinta, kalli gilashin can." Wani ɗan bututun gilashi ne da ke nuna inda ruwa ya tsaya a cikin tukunya. Ya ce ran direba da na fayaman duk a wannan gilashin suke, domin in ruwa ya sauka har rufin murhu ya bushe, to sai dai a yi ta'aziyya.

Ku samari, ga yadda abin yake aiki. Wutar kwal tana bi ta bututai masu yawa da suka ratsa cikin tukunyar ruwa. Ruwa ya tafasa, tururi ya taru ya rasa mafita. Direba ya ja hannun ƙarfe, tururin ya shiga silinda ya tura fistin, fistin ya tura sandunan da ke haɗe da ƙafafun. Wannan "cuf, cuf" da yara ke kwaikwayo, tururin da ya gama aiki ne ke fita ta bututun hayaƙi, kuma fitarsa ce ke zuƙo iska ta cikin murhu. Ashe iya wahalar da jirgi ke sha, iya ƙarfin da wutarsa ke yi. Shi ya sa a kan hawa fayaman ba ya miƙe bayansa.

Zuba kwal kuwa ba jibgawa ba ne. Baba yakan ce shebur ɗaya a kusurwar dama, ɗaya a hagu, ɗaya ƙarƙashin ƙofa, a shimfiɗa shi kamar ana shanya gero. In ka tara shi wuri guda, sai wuta ta shaƙe, hayaƙi ya yi baƙi, allurar tururi ta faɗi. Tsofaffin ma'aikata daga nesa suke duban hayaƙi su faɗi ko wane ne ke riƙe da shebur.

Kawunan jirgin kaya da na tashi na gani, mafi yawansu irin waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan Najeriya ne. Kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya fara kawo su a 1948. Ƙananan ƙafafu biyu a gaba, manya takwas masu ja a tsakiya, biyu a baya suna tallafe da murhu. Ba don gudu aka ƙera su ba, don ja ne. Akwai kuma Garratt na kamfanin Beyer Peacock da ke Manchesta: tukunya a tsakiya, inji a gaba, inji a baya, kamar an haɗa kai biyu a jiki ɗaya. Dalili shi ne dogonmu siriri ne, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6, ga kwana-kwana, ga gadoji marasa ƙarfi, sai aka raba nauyin a kan ƙafafu da yawa.

Me suke ja? Nan sai mun koma baya kaɗan. Dogo ya taso daga Baro, a bakin Kwara, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa wa rai. Manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi: ana ci, ana sayarwa, harawarta kuma dabbobi su ci. Daga nan aka ci gaba da miƙa layi inda amfanin gona yake, Kaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri sai 1964. Gyaɗa, auduga, fata da ƙirgi, kuza daga Jos, shanu a tsaye cikin tarago, duk su gangara teku. A dawo da goro, gishiri, kananzir, kwanon rufi da siminti. Daga Kano zuwa Ikko wajen mil 700 ne.

Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita, ni ma ina alfahari da ita. Amma ku riƙe wannan: dalar nan kaya ne da ke jiran jirgi. Bayan yaƙin duniya na biyu kawunan jirgi sun gaji, ba kayan gyara, gyaɗar bana ta tarar da ta bara ba a kwashe ba. Tsawon dala shaida ce ta ƙoƙarin manomi, kuma shaida ce ta ƙarancin kan jirgi.

Yanzu ga abin da na fi so ku tafi da shi. Wannan ƙarfe ba ya motsi sai an ci da shi, an shayar da shi, kuma mutane ne ke yin hakan da hannunsu. Kwal ɗin da Baba ke zubawa a Zariya daga Enugu yake zuwa. An gano shi a 1909, dogo ya haɗa Enugu da Fatakwal a 1916, layin gabas ya biyo ta Kafanchan ya haɗu da Kaduna a 1927. Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, a kan jirgin ruwa ake haye Binuwai da taragai. Ku duba fa: mutum yana durƙushe cikin rami a ƙasar Ibo yana sarar kwal, domin gyaɗar Bakano ta kai teku. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a mahaƙar Iva Valley da ke Enugu suna neman haƙƙinsu. Baba ya ce ranar da labarin ya iso loko, Bahaushe da Bayarabe da Ibo, ba wanda ya iya haɗa ido da ɗan'uwansa. Duk wanda ke marmarin hayaƙin nan, ya tuna da su, ya tuna da talakawan da aka ɗebo daga ƙauyuka ta hannun hakimai suka yi aikin dogo da kwando a ka.

Sai ruwa. Kan jirgi ya fi shan ruwa a kan cin kwal nesa ba kusa ba, shi ya sa kuke ganin tsofaffin tankuna a tashoshi. Ga inda gizo ke saƙa: gyaɗa da kaka ake cire ta, jigilarta kuwa cikin rani ne, daidai lokacin da rafuka suka ƙafe. Kaya sun fi yawa a lokacin da ruwa ya fi ƙaranci. Wannan na cikin abin da ya sa kawunan dizal na farko, da suka zo a 1955, aka sa su tsakanin Zariya da Kano. A shekarar ce kuma aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya.

(Wani daga cikin masu sauraro ya tambaya ko dizal ne ya kashe jirgin tururi.)

Ɗana, dizal ya fi shi sauƙi, ba na musu. Kan tururi sai an yi sa'o'i ana hura shi kafin ya motsa, a kwashe toka, a wanke tukunya, a bi kowace gaɓa da mai. Dizal tayarwa kawai ake yi. Amma abin da ya gaggauta lamarin shi ne rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ma'aikata da yawa 'yan gabas suka koma gida, cikinsu har da direban da Baba ya yi shekaru yana zuba wa kwal. Kwal ɗin Enugu ma ya yanke. Cikin shekarun 1970 aka yi ta kashe wutar kawunan tururi ɗaya bayan ɗaya.

Ni abin da ke ci mini rai ba hayaƙin ba ne. Hayaƙin nan ya cinye wa Baba ido, garwashinsa ya bar masa tabo a damtse har ya koma ga Allah. Abin da ke damuna shi ne kayan da jirgi ɗaya ke ja da mutum uku ko huɗu, yau tireloli da tankoki birjik ke ɗaukarsu, suna farfasa titi, suna cin rayuka. Kowa a nan ya san wanda hanyar Kaduna ko ta Kano ta ɗauke masa.

Malam shugaba yana duban agogo, bari in ƙare da wannan. Bayan Baba ya bar aiki, wata Juma'a ya ce in raka shi loko. An jera kawunan a wani layi da ba a bi, ciyawa ta fito tsakanin ƙafafunsu, tsatsa ta ci fentin. Ya yi ta duba lamba har ya sami nasa. Da ƙyar ya hau, ina tallafe da shi. Ya buɗe ƙofar murhu, ya zura hannu har kafaɗa, ya daɗe a haka. Da ya fito da hannun sai ya ce, "Shekara ashirin da wani abu ina tsaye a nan, yau ne na fara taɓa cikinsa." Ya goge tokar a jikin rigarsa ta Juma'a, ya rufe ƙofar, ya sa sakata yadda ya saba, muka sauko muka wuce masallaci.

Wassalamu alaikum.