Fasasshen ƙwai a kan dankali, irin na mutanen Madrid

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau a kicin kuka same ni. Ga dankalin Turawa huɗu na fere, ga ƙwai uku, ga man zaitun. Abin da za mu girka, mutanen Sifaniya suna ce masa huevos rotos, wato fasasshen ƙwai. Jiya na bi ta titin Cava Baja a unguwar La Latina, na wuce gidan abinci na Casa Lucio da aka buɗe a 1974, wanda ya yi suna da wannan girki, tun lokacin raina ya biya.

Kafin mu kunna wuta, ku saurara da kyau, musamman mai shirin zuwa ƙasar nan. A yawancin wurare, jan naman da ake shimfiɗawa a saman wannan girki sunansa jamón, kuma cinyar alade ce. Za ka gan ta a rataye a shaguna, an binne ta cikin gishiri sannan an shanya ta watanni, mai tsadar ma takan kai shekara uku. Idan an yayyanka ta, a ido ba za ka gane naman alade ne ba. Idan ka zauna cin abinci, ka ce “sin jamón”, wato ban da jamón, ka kuma tambaya da wane mai aka yi suyar. Suna da wani busasshen naman saniya mai ƙanshin hayaƙi, cecina na yankin León, sai dai nan ma akwai maganar yanka. Shi ya sa na sayo nama wurin mahaucin halal a unguwar Lavapiés ta nan Madrid, na yi kilishina da kaina.

To, ku duba kaskon. Wutar ƙasa-ƙasa take, don ba so nake dankalin ya yi ƙaras-ƙaras ba, so nake ya yi laushi, ya sha man zaitun. Sai a ƙarshe zan ƙara wuta ya ɗan yi ja. Gishiri kaɗan.

Yanzu ƙwan, kuma nan ne duk sirrin yake. Mu a gida kaɗa shi muke yi da albasa da attaruhu, mu soya har ya ƙame. Su a nan ba sa kaɗawa. Ka fasa shi cikin mai mai zafi, farin ya dahu, gefensa ya yi ja, gwaiduwar kuwa ka bar ta ruwa-ruwa. Na san wasunku sun riga sun yatsina fuska, ana jin ƙarni. Wallahi idan ƙwan sabo ne, zafin dankalin yana ƙarasa shi, ya zama kamar miya mai kauri.

Na ɗora su a kan dankalin. Ga kilishi na yayyaga a sama. Ku matso kusa: cokali a dama, cokali mai yatsu a hagu, sai in farfasa. Kun ga yadda gwaiduwar ke gangarawa tana shiga tsakanin dankalin? Wannan ba ya jiran baƙo, da zafinsa ake ci. Bari in yanko burodi. Bismillah.