Ɗan ƙwallo zai iya shiga Elden Ring da ire-irensa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon gem a Kano, ko a Fagge ne ko Hotoro ko Kabuga, ya san abin da ake bugawa. Ƙwallo ce, sai Mortal Kombat idan ana son a gwada ƙwanji. Ka biya kuɗinka, a miƙo maka hannu, cikin minti goma an gama, wanda aka ci ya tashi ya ba wani wuri. To amma yanzu samari suna ganin bidiyon wasu gem a waya, jarumi da takobi yana fuskantar dodon da ya fi bene tsawo, sai sha'awa ta kama su. Tambayar da ake yawan yi ita ce, mutumin da bai taɓa wuce ƙwallo ba, kuma ba shi da lokaci mai yawa, zai iya waɗannan kuwa?

Zai iya. Kuma abin da ke korar sabon shiga ba rashin saurin yatsa ba ne. Wanda ya iya yanke 'yan baya uku ya zura ƙwallo a raga, yatsunsa sun isa. Abin da ke korar mutane shi ne gem ɗin ba ya yi maka bayanin kansa, kuma an gina shi ne domin mai na'urarsa a ɗaki da wutar da ba ta yankewa, ba domin yadda muke wasa a nan ba.

Mu fara da mene ne su. Irin waɗannan gem suna haɗa abu biyu. Na farko faɗa ne da kai kake yi da hannunka, kai za ka kai sara, kai za ka goce, kai za ka kare. Na biyu kuma renon jarumi ne: kana kashe abokan gaba kana tara maki, kana zuba makin a jini ko ƙarfi ko sihiri, kana gyara makami, kana canja sulke. A ƙwallo kowane wasa sabo ne, jiya ta wuce. A nan kuwa abin da ka zaɓa a awa ta biyu yana bin ka har awa ta hamsin. Shi ya sa suke da daɗi, shi ya sa kuma suke tsorata mutane.

Kuma ba duka ne suke da wahala iri ɗaya ba. Ga misali. Akwai Path of Exile, na kamfanin Grinding Gear Games da ke ƙasar Niyu Zilan, wanda ya fito a 2013, kuma kyauta ake buga shi. Taswirar baiwar jaruminsa kamar saƙar gizo-gizo take, tana da maɓallai sama da 1,300. Faɗan kansa ba shi da wuya sosai a farko, lissafin ne ke kayar da mutum. Ni ba zan ba sabon shiga shawarar ya fara da shi ba, ko da yake ba a biyan ko sisi. Monster Hunter na kamfanin Capcom kuma tasa wahalar daban: makamai iri 14, kowanne da nasa salon kamar wani gem ne mai zaman kansa, kuma ba a nuna maka jinin dodon. Sai dai ka lura da jikinsa, idan ya fara ɗingishi ka san ya kusa.

Sai Elden Ring, wanda shi ne aka fi tambaya a kai, don haka a nan za mu daɗe.

Kamfanin FromSoftware na Japan ne ya fitar da shi a watan Fabrairun 2022, ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, wanda ya yi Demon's Souls a 2009 da Dark Souls a 2011. Ya lashe kyautar gem ɗin shekara a bikin The Game Awards na 2022, kuma an sayar da sama da kwafi miliyan 25 zuwa tsakiyar 2024. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ba gwanaye ne kawai suke buga shi ba. Amma ba shi da wurin zaɓar sauƙi ko wahala. Kowa hanya ɗaya yake bi.

Kana fitowa daga kogon farko zuwa filin da ake kira Limgrave, za ka hangi wani barde mai sulken zinare a kan doki yana kai-komo. Sunansa Tree Sentinel. Kusan kowane sabon shiga kansa yake nufa, don a tunaninsa abin da aka ajiye a bakin ƙofa ai na masu koyo ne. Sara biyu ko uku, an gama da shi. Ya dawo, a sake gamawa da shi. A nan mutane da yawa suke ajiye hannu su ce gem ɗin ba nasu ba ne. Alhali an sa barden nan ne domin ya koya maka cewa kana da damar kewaye abin da ya fi ƙarfinka, ka tafi ka yi ƙarfi, ka dawo masa daga baya. Matsalar ita ce babu wanda ya faɗa maka haka, kuma wannan a ganina gazawa ce ta gem ɗin, ba ta mai wasa ba.

To bari ni in faɗa maka abin da ya ɓoye. Ka kewaye barden, ka shiga rusasshen cocin Elleh da ke bayansa. Ka ci gaba arewa kana hutawa a wuraren hasken nan da ake kira Site of Grace, har wata mata mai suna Melina ta bayyana. Ita za ta buɗe maka hanyar ƙara mataki, ta kuma ba ka doki, Torrent. Daga nan ka koma cocin Elleh da dare, wata mayya za ta ba ka ƙararrawa da tokar kyarketai uku. Idan ka kaɗa ta a gaban bos, wato babban abokin gaba, kyarketan za su fito su ɗauke masa hankali kai kuma ka samu sararin sara ko shan magani. Bos na farko da ke tare hanya, Margit, yana ƙofar ganuwar Stormveil, kuma hasken gem ɗin can yake nuna maka. Kada ka yi gaggawa. Juya dokinka kudu, ka haye gada zuwa Weeping Peninsula. Abokan gaban can sun fi sauƙi, kuma akwai coci uku da za ka samu abin da ke ƙara wa maganinka ƙarfi. Makin da ka tara kuma, ka fi zuba shi a Vigor, wato jini. Sabon shiga yana son ƙarfin sara, amma ƙarfin sara a farkon wasa daga gyaran makami wajen maƙeri yake zuwa. Jini shi ne ke ba ka damar yin kuskure biyu ko uku ba tare da ka mutu ba, kuma mai koyo kuskure yake buƙatar a ƙyale shi ya yi.

Faɗan kansa kuma, wanda ya taɓa tsayawa kallon dambe zai gane shi da wuri. Ɗan damben kirki ba ya shiga da naushi, yana zagayawa ne yana karantar ƙafa da kafaɗar abokin karawarsa har ya ga inda yake buɗewa. Haka bos ɗin Elden Ring yake. Yana da salon sara da yake maimaitawa, kuma bayan kowane salo akwai ɗan lokacin da yake tsayawa. Shigarka ta farko da ta biyu, kada ma ka nemi kashe shi, ka kalla kawai ka ƙirga. Akwai kuma koren layi a ƙarƙashin jininka, wato kuzari. Kowane sara da kowace mirginawa suna cin sa. Wanda ya saba da dannawa ba ƙaƙƙautawa a Mortal Kombat zai ƙarar da shi, sai ya tsaya cak a gaban dodo ba sara ba gudu.

Akwai masu cewa duk wanda ya kira kyarketai ko ya nemi taimakon wani ɗan wasa ta intanet bai ci gem ɗin da gaske ba. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, kuma yana ɓata mini rai don da irin wannan magana ake korar ƙannenmu. Miyazaki da kansa ya faɗa a wata hira a 2024 cewa shi ba gwani ba ne, kuma da ya zauna buga Elden Ring ya yi amfani da duk wani taimako da gem ɗin ya tanada. Kayan nan an sa su ne domin a yi amfani da su.

Wasu kamfanonin kuma sun buɗe ƙofar a fili. The Witcher 3 na kamfanin CD Projekt Red da ke Foland, wanda ya fito a 2015, yana da matakan wahala huɗu, na farkonsu domin mai son labari kawai, kuma kana iya canjawa a tsakiyar wasa. Sai dai na manya ne, an yi masa alamar shekara 18, akwai abubuwan da ba su dace da yara ba, iyaye da masu shago su kula. Skyrim na 2011 shi ma kana rage wahalarsa duk sanda ka so. Amma dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Hades, na kamfanin Supergiant, a 2020. Idan ka kunna tsarin sauƙinsa, ana rage maka zafin duka da kashi 20 cikin ɗari, kuma duk mutuwar da ka yi ana ƙara kashi 2, har zuwa 80. Ba a cire maka wahalar gaba ɗaya ba, ana dai sassauta ta daidai da yadda kake shan wuya. Kuma kowace shiga ba ta da tsawo sosai, don haka ya dace da mai aiki ko ɗalibi.

Wanda waya kawai gare shi, yawanci Genshin Impact ne ƙofarsa. Kamfanin miHoYo na Sin ne ya fitar da shi a Satumbar 2020. Farkonsa mai taushi ne, yana riƙe hannunka yana nuna maka komai. Kana tafiya da jarumai huɗu, kana haɗa sinadarai bakwai: ka jiƙa abokin gaba da ruwa ka watsa masa ƙanƙara, ya daskare. Amma kafin ka je Farm Centre ko titin Beirut neman wayar da za ta ɗauke shi, ka sani yana cin wuri sosai, kuma ba ya buɗewa sai da data. Sannan sababbin jarumai ta hanyar jefa ƙuri'a ake samun su, kana iya jefawa har sau 90 kafin a tabbatar maka da babban jarumi. Wannan ya yi kama da caca matuƙa. Ana iya bin labarin ba tare da an kashe kuɗi ba, kuma shawarata ke nan.

Akwai kuma batun harshe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da Hausa. Elden Ring ma da wani tsohon Turanci mutanensa suke magana, wanda ko mai digiri sai ya dakata. Kada wannan ya hana ka. Kalmomin da kake buƙata a allon jarumi ba su fi goma ba, kuma The Witcher 3 yana da rubutun Larabci ga wanda ya fi sakewa da shi.

Sai babbar matsalarmu, wato wuta da lokaci. Elden Ring ba shi da maɓallin tsayar da wasa irin na ƙwallo. Ko ka buɗe jakar kayanka, dodo yana nan yana saranka. Idan an kira salla ko Hajiya ta aike ka, ka nemi wurin hasken nan ka zauna, ko ka fita zuwa allon farko, zai mayar da kai daidai inda ka tsaya. Yana adana ci gabanka da kansa a kai a kai, amma ɗaukewar wuta a daidai lokacin da yake adanawa tana iya lalata fayil ɗin, don haka idan ana kan janareta ka tambayi mai shago kafin ya sauya layi. Saukar da shi ma aiki ne, a kwamfuta yana neman wurin da ya kai gigabait 60, shi ya sa faifai ya fi wa yawancinmu sauƙi.

Idan a shago za ka buga, ka yi magana da mai shagon tun farko. Ka ce masa, yallaɓai, a buɗe mini suna nawa daban a kan na'urar, kuma mu yi ciniki da awa ba da wasa ba. In ba haka ba wani zai zo bayanka ya shiga jaruminka ya ƙarar maka da kaya, ko ya goge shi gaba ɗaya. Ka zaɓi lokacin da shago ba cunkoso, kamar hantsi, don ba a koyon bos ana tsaye a kanka ana jiran hannu. A PS4 kana iya kwafe ajiyarka a filas ka tafi da ita gida a aljihu. Gem ɗin PS5 kuwa ba sa yarda da haka, sai ta ma'ajiyar intanet ta PlayStation Plus, wadda ake biya. Don haka ga mai wasa a shago, tsohuwar PS4 ta fi dacewa, kuma Elden Ring da The Witcher 3 da Hades duk suna kanta.

A bidiyo na gaba za mu ɗauki jarumi sabo fil, mu bi hanyar nan tare daga kogon farko har ƙofar Margit. Sai mun haɗu, a huta lafiya.