Ingarma: daga doki zuwa mutum

Ku dubi wannan dokin da aka fito da shi hawan salla a Tawa. Ku dubi faɗin ƙirjinsa, da yadda yake tauna linzami yana kartar ƙasa da kofato. Irinsa ne ake kira ingarma.

Ba kowane doki ke cin wannan suna ba. Sai namiji ƙosasshe wanda ya gama girma. Macen goɗiya ce, ɗan ƙaramin dukushi ne, gajeren nan kuwa ƙuru. In suna da yawa a ce ingarmu.

To me ya sa aka ware masa suna shi kaɗai? Wataƙila yaƙi ne ya jawo. Zamanin da ake gwabzawa a ƙasashen Adar da Gobir da Kabi, barde yakan hau da sulke da kwalkwali, ga takobi, ga mashi. Shi ma dokin a lulluɓe shi da lifidi, rigar nan mai kauri da ake cusa wa auduga don kada kibiya ta huda shi. Ku haɗa wannan kaya da ranar bazara da rairayi. Ramammen doki tun kafin a hango abokan gaba zai durƙushe.

Yaƙin dawaki ya wuce, kalmar ba ta bi shi ba, sai ta koma kan mutane. Shi ya sa kuke jin "ingarman namiji". Je ka filin kokowa lokacin gasar takobi, babbar gasar kokowa ta ƙasar Nijar wadda aka fara nan Tawa a 1975, ka ji yadda ake jifar manyan ƴan kokowa da ita. Ni har kan ragon layya na ji dillali ya ɗora ta, ragon kuwa bai kai ba, ciniki ne kawai.

Inda wasu ke zamewa shi ne su kira tsohon soja ingarma. Ingarma ƙarfin da ke jiki yau yake nufi, babu tsufa a cikinsa. Dattawan da suka yi wa Faransa yaƙin 1939 zuwa 1945, ko aka kai su Aljeriya, sunansu mazan jiya. Ka sami ɗaya zaune bisa tabarma, lambar yabo maƙale a ƙirjin riga, ka ce "Baba ingarma", dariya zai yi ya ce: "Yaro, ka makara, da ka zo tun ina da haƙora."