Darasi: Yadda Za A Samu Sauƙin Basir Da Hana Shi Dawowa

Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau basir za mu taɓa, don saƙonninku a kansa sun yi yawa, wasu ma a ɓoye suke turowa. Ba abin kunya ba ne fa, jijiyoyin jini ne na dubura suke kumbura, akwai na ciki wanda yawanci jini ja za ka gani bayan ka gama, akwai na waje mai ƙaiƙayi da zafi, wani har tsiro yake fitowa.

To ga baho nan a gabana, na riga na zuba ruwa. Ruwan ɗumi ake so, ba ruwan zafi ba, kuma nan ne zan tsaya sosai don mutane da yawa suna ƙona kansu suna ganin ai zafin ne maganin. Bari in taɓa... a'a, wannan ya yi zafi, bari in sirka. Yauwa. Kar ka gwada da tafin hannu, tafin hannu ya saba da wuya, sa gwiwar hannunka, in ka ji daɗinsa to shi ke nan. Ruwan ya kai yadda in ka zauna zai rufe wurin, ka zauna minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a rana, musamman bayan ka fito daga bayan gida. Babu sabulu, babu turare, ruwa zalla. In ka tashi kuma kar ka goge, danna tawul mai laushi a hankali har wurin ya tsane, gogawar nan ita ke ƙara tayar da ƙaiƙayin. In kumburin ya yi yawa ka naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ka ɗora na ɗan lokaci, kar ta taɓa fata kai tsaye.

Maganar zafi, farasitamol ya isa. Mai kodin kuwa a bar shi, busar da ciki yake yi, ka ga an koma gidan jiya. In jini na zuba a guji ibuprofen. Man shafawa mai hydrocortisone kar ya wuce kwana 7 sai da izinin likita, yana sa fatar wurin ta yi siriri.

Amma ni a wajena duk wannan lallashi ne, asalin aikin a bayan gida yake. In ka ji ya matso ka tafi, kar ka riƙe, riƙewa na sa ya bushe ya yi tauri. In ka shiga kar ka yi ta yunƙuri da nishi, bai zo ba ka tashi ka dawo anjima. Wayar nan don Allah a bar ta a waje, mutum ya zauna yana latse-latse jini na taruwa a jijiyoyin. Mai masai na zama ya sa ƴar ƙaramar kujera ya ɗora ƙafafu, gwiwa ta ɗan fi ƙugu tsawo, ni na fi son wannan dabarar da komai.

Sai abinci mai faiba, wato abin da ke tausasa bayan gida, irin su ganye, kayan marmari, wake, hatsin da ba a cire dusarsa ba, babba yana buƙatar kamar giram 25 zuwa 30 a rana. A hankali ake ƙarawa fa, in ka tula lokaci ɗaya ciki zai kumbura da iska, kuma a sha ruwa sosai, faiba in babu ruwa ba ta aiki. A riƙa ɗan tattaki. Masu juna biyu, ku ya fi damu, ku tambayi likita kafin ku sha ko ku shafa komai.

Kuma ba kowane jini ne basir ba. In bayan gida ya yi baƙi, ko jinin ya cakuɗe da shi, ko kana ramewa, ko an yi mako ba sauƙi, tafi asibiti a duba. Ba lallai a yi tiyata ba, na ciki sau da yawa ƴar roba ake ɗaure masa ya bushe ya faɗi da kansa. Sai mun haɗu a darasi na gaba.